Ruwa, masai da shara a jirgin ruwa na kanal a Ingila: ya ake tsara su?

Sabon_Matuƙi:
Assalamu alaikum. Tambaya ce ga waɗanda suka san zaman siririn jirgin ruwa a kanal ɗin Ingila, wato hanyoyin ruwan da aka haƙa domin jirage. Jirgi ne mai tsawon ƙafa 57, mutum biyu a ciki, ba shi da mazauni a tashar ajiye jirage, lasisin yawo gare shi, wato na jirgin da ke sauya wurin tsayawa a kai a kai. Tankin ruwansa lita 500 ne, masan kuma na kaset, wato ƙaramin tankin najasa da ake zarewa a kai shi wurin zubarwa. A ina ake ɗibar ruwa, da wane kaya? Ina ake zubar da kaset da shara? Sannan ana ta cewa a canza masan zuwa na tanki wanda inji ke zuƙewa. Ya cancanci kuɗin?

Malam_Habu:
Wa'alaikumus salam. Fara da mabuɗi. Hukumar Canal & River Trust, wadda ta karɓi hanyoyin ruwan Ingila da Wales daga British Waterways a 2012, tana kulle yawancin famfunanta da ɗakunan zubar da kaset da mabuɗi iri ɗaya, ana ce masa Watermate, tsofaffin matuƙa har yanzu mabuɗin BW suke kiransa. Shagunan kayan jirgi suna sayarwa. Sayi biyu, ka ɗaura wa kowanne abin da zai sa ya yi iyo idan ya faɗa ruwa. Ruwan famfon da zubar da kaset suna cikin kuɗin lasisinka, ba a biyan komai a wurin. Kogin Thames na sama a hannun hukumar muhalli ta Environment Agency yake, can tsarin daban ne, kar ka ɗauka mabuɗin nan zai yi maka aiki ko'ina.

Bakin famfon yawanci mai zare ne, inci ¾, wasu ƙalilan inci ½. Ka ajiye mahaɗin tiyo da famfo irin na kamfanin Hozelock na kowane girma, da wanda ake ɗaurewa da kilif saboda famfon da zarensa ya cinye, da robobin ciki na sauyi. Mahaɗin nan shi aka fi mantawa a jikin famfo bayan an tashi, don haka guda ɗaya ba ya isa. Tiyo ya zama na ruwan sha, ba na ban-ruwan lambu ba, domin na lambu yana sa ruwa ɗanɗanon roba, musamman idan ya sha rana. Mita 25 zuwa 30 ya ishe ka. Dalilin tsawon shi ne bakin tankin yana goshin jirgi, wani lokaci kuma dole ka tsaya da bayan jirgin ne a kusa da famfo, ko a gefen wani jirgi. Ƙafa 57 kaɗai ta haura mita 17.

Yadda ake cikawa: warware tiyon gaba ɗaya, buɗe famfo ka bar ruwa ya zuba kamar minti ɗaya don tsohon ruwan da ya kwana a ciki ya fita, wanke bakin tiyon, sannan ka sa shi a tanki. Bakin kar ya taɓa ƙasa, kar ya faɗa kanal. Gefen kanal wurin karnuka ne da ɓeraye, fitsarin ɓera kuwa shi ke ɗauke da cutar Weil. Idan ka gama, tsiyaye tiyon ka haɗa bakunansa biyu ko ka rufe su. Ka duba rubutun murfi kafin ka zuba. Murfin ruwa da na dizal da na zuƙar masai duk kamarsu ɗaya a wasu jirage, ruwa a tankin mai kuwa aikin kwana guda ne da asarar kuɗi.

Lissafin lokaci: famfon da ke ba da lita 10 a minti zai ci minti 50 kafin ya cika lita 500, akwai kuma waɗanda ba su kai haka ƙarfi ba. Idan kowannenku yana cin lita 30 a rana, tankin zai kai ku kwana takwas. Injin wanki yana shan lita 40 zuwa 60 a wanki ɗaya, shi ya sa masu dabara suke kunna shi lokacin da tiyo ke cikin tanki. Kuma lita 500 rabin tan ne a goshin jirgi, za ka ji bambancin tuƙi tsakanin cikakke da wanda ya ƙare.

Wurin famfo ba wurin kwana ba ne, ba na cin abincin rana ba. Ka cika, ka matsa. A wuraren cunkoso kamar Little Venice a Landan ko Braunston da rani, layi ake bi.

Hajiya_Turai:
Malam Habu ya gama da ruwa. Amma ɗan'uwa, ba ruwa ne zai riƙa tayar da kai ba, masai ne. Dokar British Waterways ta 1995 ta ba mai lasisin yawo kwana 14 a wuri ɗaya, tankin ruwa zai kai ka mako da 'yan kai, kaset ɗin kamfanin Thetford kuwa lita 17 zuwa 19 yake ɗauka. Mutum biyu suna cika shi a kwana biyu zuwa uku, mai tsarki da ruwa ma kafin nan. Saboda haka kaset ɗaya ba tsari ba ne. Uku ake so: ɗaya a masai, ɗaya cike yana jira, ɗaya fanko. Cikakke ya kusa kilo 20, ka nemi ɗan amalanke mai naɗewa, domin sau da yawa ya fi sauƙi ka tura shi a ƙafa zuwa wurin Elsan, wato wurin zubar da kaset, da ka tayar da jirgi.

Wurin Elsan rami ne da ya haɗu da magudanar najasa ko da tankin ƙasa, da famfon ɗauraya a gefensa. Sa safar hannu. Juya bututun kaset ɗin, cire murfinsa ka ajiye shi nesa da ramin (murfi da yawa sun tafi ta nan, su ne kuma suke toshe shi), karkata kaset ɗin, sai bakin ya kalli ƙasa sannan ka danna maɓallin iska. Idan ka danna kafin ka karkata, ta maɓallin zai fito. Idan ba ka danna ba, zai riƙa tuttuɗowa yana fantsama. Ɗauraye sau biyu ko uku da lita biyu ko uku na ruwa, kana girgizawa a hankali, saboda akwai ɗan abin da ke auna cika a ciki, girgiza mai ƙarfi tana karya shi. Ka wanke wurin kafin ka fita.

Famfon ɗaurayar nan ba na sha ba ne, da gangan aka yi shi ba zare. Tiyon ruwan shanka kar ya kusance shi ko sau ɗaya.

Abin da ke shiga kaset: bayan gida, fitsari, takarda mai narkewa, shi ke nan. Tsumman goge jarirai da audugar mata su ne kan gaba wajen toshe wuraren Elsan, in ya toshe kuma sai a rufe shi har sai ma'aikata sun zo. Maganin da ake zubawa, a guji shuɗin nan mai fomalin, domin inda wurin ke zuba a tankin ƙasa yana kashe ƙwayoyin da ke narkar da najasar. Koren ya fi. Robar bakin kaset kuma a riƙa shafa mata man silikon ko man zaitun, ban da basilin, yana lalata roba. In ta bushe, ruwa ba ya tsayawa a kwanon masan, wari kuma ya samu hanya. Da zafi iska tana taruwa a ciki, sai a buɗe marfin bakin kaset da ke ƙasan kwano alhali murfin saman masan yana rufe.

Ni a ganina ka bar kaset ɗinka. Zubarwa kyauta ce, kuma ranar da kanal ya daskare kana iya ɗaukarsa a hannu. Tanki ba ya ɗaukuwa.

Injiniya_Sule:
Hajiya, maganarki ta ƙanƙara gaskiya ce, amma a ba tanki haƙƙinsa. Tanki mai lita 300 da masan da ke amfani da ruwa kaɗan yana kai mutum biyu makonni, ba ɗaukar kilo 20 duk bayan kwana biyu. Ga dattijo ko mai ciwon baya wannan ba ƙaramin abu ba ne. Aibinsa kuɗi da wuri: kowace zuƙa biya ake yi, a injin hukumar ko a tashar jirage, injunan kuma sun fi wuraren Elsan nisa da juna. A jirgin da ba a gina shi da tanki ba, sai an sadaukar da ƙarƙashin gado, a huda jikin jirgi don bakin zuƙa da na iska. In aka kafa shi a gefe ɗaya, jirgin zai riƙa karkata yayin da yake cika.

Warin da ake zargin tanki da shi, yawanci daga abu biyu ne. Na farko bututun iska ƙarami. In iska ba ta shiga sosai, ƙwayoyin da ke rayuwa ba iska su ke yin aikin, su ne masu warin ruɓaɓɓen ƙwai. Bututu mai faɗin milimita 38, gajere, marar lanƙwasa, ya fi siriri da ake sawa don arha. Na biyu tiyon najasa da ya tsufa har wari yana ratsa jikinsa. Gwajin: jiƙa tsumma da ruwan zafi, naɗe shi a tiyon, bari ya huce, ka fita waje ka sansana. In tsumman ya ɗauki wari, wanki ba zai yi magani ba, sai canji. Inda bututu ke tafiya a miƙe, mai tauri ya fi tiyo. Fitsari kuma yana tara farin dutse a cikin bututu har hanya ta matse, ruwan tsami na binega ko sitirik asid lokaci-lokaci yana rage shi.

Injin zuƙa da lokaci yake aiki, mintuna ne ƙalilan. Ka ɗaure jirgi ta gefen da bakin yake, ka buɗe murfi, ka tanadi ruwan ɗauraya, sannan ka biya. Bakin tiyon ya zauna daram, in iska na shiga ba zai ja ba. Ka kalli gilashin tiyon: in ya daina wucewa, rufe, zuba ruwa a tanki, ɗan girgiza jirgin, sake ja. Wanda ba ya ɗauraya, laka ce ke taruwa a gindi har tankin ya rage ɗauka. Ko mai tanki ya ajiye ƙaramin masan tafi-da-gidanka irin su Porta Potti saboda hunturu.

Abu biyu da ba a tambaya ba. In injin tura ruwa na cikin jirgi yana tashi da kansa cikin dare ba wanda ya buɗe famfo, akwai ɗiga a wani wuri, ko bawul ɗin tankin ruwan zafi yana tsiyaya. A nemo shi, don ruwan da ke ɗiga ƙarƙashin daɓen jirgi yake tafiya. Sannan ruwan wanka da na wanke-wanke an yarda ya zuba a kanal ɗin hukumar, amma ruwan ƙarƙashin inji mai haɗe da mai laifi ne. A sa tsumman tsotse mai a ƙasan injin, baƙin mai da batir kuma a kai su wurin karɓar shara na kansul, wato ƙaramar hukuma.

Sabon_Matuƙi:
Allah ya saka da alheri. To masan nan mai raba fitsari da bayan gida fa, wanda ake cewa na taki? Ya kuma ake wanke tankin ruwan kansa?

Malam_Habu:
Masan taki yana aiki, amma ba a cikin jirgi yake zama taki ba. Bushewa kawai yake yi. Kafin ya zama taki na gaske sai ya yi kamar shekara guda a rufe, kai kuma ba ka da fili a tudu. Da can mutane suna ƙulle shi a leda su jefa a kwandon shara, amma a 2021 hukumar ta sanar cewa a daina sa shi a kwandunanta. Ba a zuba shi a Elsan, garin katako ko ɓawon kwakwar da aka gauraya da shi yana toshe ramin. Fitsarin kuwa, kusan lita ɗaya da rabi ga mutum a rana, Elsan za a kai shi, ba gindin shinge ba, ba kanal ba. Ke nan ba ka tsira daga zuwa Elsan ba, ga kuma bokitai uku ko huɗu a rufin jirgi suna jiran shekara. Ga mai yawo, ban ga ribarsa ba.

Tankin ruwa, sau ɗaya a shekara: cire filtar gawayi in akwai, zuba bilic tsararo marar ƙamshi kamar mililita ɗaya ga kowace lita, wato rabin lita ga tankinka, ko maganin da aka yi don haka irin su Puriclean bisa umarnin gwangwaninsa. Cika tanki, buɗe kowane famfo har ka ji warin maganin, rufe, bari awa huɗu, zubar, ka cika ka zubar sau biyu. Ka yi wannan kusa da famfo, a lokacin da ba layi. In tankin jikin jirgi ne, wato ƙarfen goshin kansa, buɗe murfin dubawa ka haska. Ruwa ja alamar tsatsa ce, sai an kankare an sake fenti da wanda aka amince da shi ga ruwan sha. Tankin roba da na ƙarfe marar tsatsa ba su da wannan wahala.

Hajiya_Turai:
Saura shara. Kwandunan hukumar na sharar gida ta masu jirgi ne kawai. Katifa, tsohon firji, gwangwanin fenti, tukunyar gas, duk na wurin kansul ne. In kwando ya cika kar a ajiye leda a gefensa, dila da ɓera za su yaga ta, tarin da ke biyo baya kuma shi ke sa a rufe wurin gaba ɗaya. Tun 2025 dokar Ingila ta sa ana ware ragowar abinci da kayan sake sarrafawa daga sauran shara, don haka a ware tun daga cikin jirgi, a matse gwangwani da kwali saboda wuri. Tokar murhu a bar ta ta huce a bokitin ƙarfe mai murfi, a waje, ba a cikin jirgi ba, domin tana fitar da iska mai guba ta kabon monoksaid ko bayan wuta ta mutu.

Daga Nuwamba zuwa Maris ake rufe ƙofofin ruwa da jirgi ke hawa ko sauka ta cikinsu a kanal don gyara, a lokacin kuma famfuna ke daskarewa. Kafin ka zaɓi inda za ka yi kwana 14 ɗinka, duba taswira da sanarwar rufewa a shafin hukumar, ka tabbata ba ƙofar da aka rufe tsakaninka da famfo. Da an yi hasashen sanyi mai tsanani, cika tanki ka zubar da kaset duka a ranar, ka ajiye jarkoki biyu masu lita 20, tiyon kuma ka shigar da shi ciki bayan ka tsiyaye shi, in ba haka ba da safe za ka same shi sandare da ƙanƙara.