Neman shawara: na ce wa maƙwabciyata na kawo mata guba

Assalamu alaikum 'yan uwa, don Allah a sakaya sunana. Muna zaune a Augsburg, kudancin Jamus, maigida yana karatu, ni kuma Jamusancina bai wuce na sayen burodi ba. Wata dattijuwa maƙwabciyarmu tana da lambu, da kaka ta shigo sai ta ciko min kwando da tuffa da wasu 'ya'yan itace da suke kira Zwetschgen, kamar ɗinya amma sun fi girma. Na ce kwando ba ya komawa wayam, na yi kek da su na kai mata. Kalmar kyauta ta ɓace min, na ari ta Turanci na ce ga "Gift". Ashe a yarensu guba ke nan! Ta yi turus, sannan ta fashe da dariya har da riƙe ƙofa. Ƙarin haushi, kek ɗin ma tsakiyarsa caɓal. Yanzu ko motsinta na ji a matakala sai in koma ciki. Ya zan yi da ita, kuma ya ake gasa abin nan bai yi ruwa ba?

Maman 'Yan Biyu: Wa alaikumus salam. Ki yafe min, na yi dariya har yara suka leƙo. Kyauta dai Geschenk ce. Ni a shago na nemi jam ɗin Kirche, wato coci, alhali Kirsche nake nufi, wani jan ɗan itace. Ba wanda ya mutu.

Anti Mai Kek: Ƙanwata, ruwan 'ya'yan itacen ne ya sauka cikin kwaɓin. Ki tsaga kowanne biyu ki cire ƙwallon, ki jera su a matse, wajen yankan yana kallon sama. Kafin ki jera ki barbaɗa garin busasshen burodi a kan kwaɓin, shi zai shanye ruwan. Sukari da kirfa kuma sai bayan kin sauke, don sukari janyo ruwa yake. Kuma fa garin da kike ciki shi ya yi suna da wannan kek, Zwetschgendatschi suke ce masa, a faffaɗan faranti ake shimfiɗa shi siriri, yawanci da kwaɓin yis. Ina zargin a gwangwani mai zurfi kika zuba naki. Zafin obin digiri 180 na Celsius, in mai fanka ne 160, wajen minti 35 zuwa 40. Tuffa kuwa mai tsami ake so, irin Boskoop. Ki yanka siriri ki matsa lemon tsami kada ta yi baƙi. Fulawa ki ɗauki mai lamba 405.

Hajiya Babba: Ni ba kek ɗin ne ya dame ni ba, ɓuyan da kike yi ne. 'Yata, matar da ta ciko miki kwando ba ki roƙa ba, yau ta ga kina gudunta, me kike so ta zata? Tsofaffin ƙasar nan da yawa su kaɗai suke kwana suna tashi, maƙwabtaka kuma haƙƙi ce a kanmu ko ba addininmu ɗaya ba. Ki ƙwanƙwasa mata ƙofa ki ce ta koya miki nata. Ga malamar kek ga malamar yare, ba ko sisi. Ki dai riƙe "Sie", wato "ku" na girmamawa, kada ki ce mata "du", wato "ke", sai ita ta ba ki izini.

Uwar Gida Hamburg: Hajiya ta gama magana. Sai dai in za ku yi tare ki sa ido, wasu suna zuba giyar rum a kwaɓi, jelatin ɗinsu kuma galibi na alade ne. Ki gaya mata tun farko cikin ladabi. Sannan ki nemi Volkshochschule ta garinku, makarantar manya ce, suna koyar da yaren da rahusa.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Anti, kin canka, gwangwani mai zurfi ne, kuma na yi ta lafta sukari tun kafin in sa a wuta. Na je ɗazu bayan la'asar, ta ce in zo ran Lahadi ƙarfe uku in taho da fulawa, sauran kayan tana da su. Maganar giyar ce ban san yadda zan faɗa ba, wa zai rubuto min jimlar in haddace kafin ranar?