Shawarwarin Iyaye Maza Kan Renon 'Ya'ya Mata Masu Tasowa

A tattaunawar da wasu iyaye maza suka yi kan renon 'ya'yansu mata, shawarar da aka fi daɗewa a kanta ita ce uba ya koyi sauraro kafin ya yanke hukunci. Wani ya ce idan 'yarsa ta shige ɗaki ta turo ƙofa, ba ya binta nan take. Yakan bari ta huce, sannan ya ja ta da hira yayin da suke wani aiki tare, domin yarinya ta fi buɗe cikinta idan ba titsiye ta aka yi ba. A ganina, wannan maganar ce ta fi nauyi a zaman.

Sun kuma yi kashedi kan zolayar yarinya game da jikinta, ko da wasa, saboda alamun balaga kan fara bayyana tsakanin shekara 8 zuwa 13, kuma a lokacin kalma guda daga bakin uba takan daɗe tana ci mata rai. Haka nan, bai kamata a bar wa uwa batun jinin al'ada ita kaɗai ba, ko da abin da uban zai yi bai wuce tanadar audugar mata a gida ba.

Game da waya kuwa, ra'ayi ya rabu, amma mafi yawansu sun zaɓi a ajiye ta a falo da dare maimakon bincikar saƙonnin yarinya a ɓoye, tunda matashiya na buƙatar barcin awa 8 zuwa 10.