Yaya ake auna tasirin aikin Farfesa Moira Stewart a fannin kulawa mai sa majinyaci a gaba?

Nafisa:
Assalamu alaikum. Ina neman taimakon masana. A duk inda aka yi maganar kulawa mai sa majinyaci a gaba, sai sunan Farfesa Moira Stewart ta Jami'ar Western da ke Ontario a Kanada ya fito. Ina so in rubuta sakin layi biyu ko uku kan nauyin gudummawarta, amma alƙaluman ambato, wato yawan rubuce-rubucen da suka kafa hujja da aikinta, da nake gani a rumbun Google Scholar sun sha bamban da na rumbun Scopus, kuma PubMed, rumbun maƙalolin likitanci, na kawo mini tulin maƙalolin da ba su da alaƙa da ita. Wanne zan ɗauka? Kuma yawan ambato kaɗai ya isa a ce aikin mutum ya yi tasiri?

Malam Habu Laburare:
Wa alaikumus salam, Malama Nafisa. Fara da tantance suna, domin a nan mafi yawan mutane ke tuntuɓe. "Stewart M" suna ne da masu bincike da dama ke amsawa. Ƙari a kan haka, maƙalarta ta 1995 a CMAJ, mujallar ƙungiyar likitocin Kanada, an shigar da ita a PubMed da "Stewart MA", ta 2000 kuwa da "Stewart M". Idan kika nemi "Stewart MA" kaɗai, kin zubar da rabin kaya. Ki haɗa sunan da wurin aiki, wato Western Ontario, ko da abokan rubutunta na dindindin irin su Judith Belle Brown, Wayne Weston da Ian McWhinney. Sannan ki nemi kalmar Turanci ta "mai sa majinyaci a gaba" da rubutu biyu: "patient-centred" irin na Ingila da "patient-centered" irin na Amurka. Ita kanta ta yi amfani da duka biyun, gwargwadon mujallar da ta buga.

Bambancin alƙaluma ba kuskure ba ne. Google Scholar yana ƙirga ambato daga kundin digiri, babin littafi, takardun taro da rahotanni, wani lokaci har ya ƙirga abu ɗaya sau biyu. Scopus da Web of Science suna ƙirga abin da ya fito a mujallun da suka tantance, kuma ba su da ƙarfi wajen littattafai. Saboda haka lambar Google Scholar kusan kullum ta fi girma. Ki zaɓi rumbu ɗaya, ki faɗi sunansa, ki rubuta ranar da kika duba, tunda lambar tana motsi. Kada ki ɗauko jimillar ambato daga nan, h-index daga can, ki jera su a jumla guda.

Shi h-index ɗin, wanda Jorge Hirsch ya ƙirƙiro a 2005, da hannu ma kina iya lissafa shi. Ki jera maƙaloli daga mai yawan ambato zuwa mai ƙaranci, ki nemo ta ƙarshe da yawan ambatonta ya kai lambar matsayinta a jerin; wannan lambar ita ce h. A ce guda goma ne, da ambato 900, 400, 60, 25, 12, 9, 7, 4, 2, 0. Ta bakwai tana da 7, ta takwas ba ta kai 8 ba, to h ya tsaya a 7. Lura da cewa 900 ɗin nan bai ɗaga shi ko da taki ɗaya fiye da yadda 25 zai yi ba. Ga mai bincike irin Stewart, wadda nauyinta ya taru a 'yan ayyuka ƙalilan da kowa ke komawa gare su, wannan ma'auni yana danne ainihin abin da kike son nunawa.

Dakta Rabi:
Malam Habu ya gama da ɓangaren ƙirga. Ni abin da zan roƙe ki, ƙanwata, shi ne ki karanta maƙalolin da aka fi ambata da kanki, domin abin da ake jingina musu ya fi abin da suka faɗa yawa.

Ta 1995 bita ce ta nazarce-nazarce 21 kan yadda sadarwa tsakanin likita da majinyaci ke shafar lafiya. Guda 16 sun nuna amfani, 4 ba su nuna wani bambanci ba, ɗaya bai kai ga matsaya ba. Bita irin wannan kan tara ambato fiye da sabon bincike, saboda duk mai neman jumlar buɗe maƙala ita yake jawowa. Wannan ba aibi ba ne, amma ki sani cewa da yawa daga cikin ambaton na gaisuwa ne kawai, ba na gini a kai ba.

Ta 2000, a Journal of Family Practice, ita ce ta fi buƙatar natsuwa. Likitocin iyali 39 da majinyata 315 suka shiga. An naɗi muryar ganawarsu, masu bincike suka saurari faifan suka ba da maki kan yadda likita ya sa majinyaci a gaba. A gefe guda kuma aka tambayi majinyatan da kansu yadda suka ji ganawar ta kasance. Abin da ya yi daidai da samun sauƙi, da kwanciyar hankali bayan wata biyu, da raguwar gwaje-gwaje da turawa wajen ƙwararru, shi ne ra'ayin majinyacin, musamman jin cewa shi da likita sun fahimci juna kan matsalar da abin da za a yi. Makin da aka bayar daga faifan bai yi tafiya kai tsaye da sakamakon lafiyar ba. Wato likita na iya cika duk sharuɗɗan da ke kan takardar mai saurare, amma mara lafiya ya fita bai ji an ji shi ba.

Kuma binciken na sa ido ne, ba a raba mutane da ƙuri'a ba. Ana iya cewa wanda ciwonsa da ma mai sauƙi ne shi ya fi fita yana yabon likita. Duk da haka za ki ga ana ambatonsa kamar ya rufe magana. Idan kika rubuta "ya tabbatar", kin ƙara gishiri. "Ya nuna alaƙa" shi ne daidai.

Ga dabarar da za ta nuna miki irin tasirin da aikin ya yi: ki ɗauki maƙaloli 30 daga cikin waɗanda suka ambaci ta 2000, goma daga shekarun farko, goma daga tsakiya, goma na baya-bayan nan. Ki buɗe kowacce ki nemo jumlar da ambaton ya zauna. Ki raba su gida uku: waɗanda suka ambata a gabatarwa suka wuce, waɗanda suka yi amfani da ma'auninta ko tsarinta, da waɗanda suka gwada sakamakon ko suka ja da shi. Aikin yini ɗaya ne, kuma abin da zai fito ya fi kowace lamba ɗaya daraja a gaban masu duba kundi.

Malam Isiyaku:
Dakta, na yarda da ke, sai dai ina ganin idan aka tsaya kan maƙaloli an bar jaki ana dukan taiki. Babban abin da Stewart da abokan aikinta suka bari shi ne tsarin ganawa da majinyaci da suka shimfiɗa a littafinsu na 1995. A bugun farko rukunai shida ne. A bugu na uku, na 2014, suka mayar da su huɗu: bincika cutar tare da yadda mai ita yake ji da ita, fahimtar mutumin gaba ɗayansa da iyalinsa da halin rayuwarsa, cimma matsaya ɗaya, da ƙarfafa dangantakar likita da majinyaci. Daga rukunin farko ne tambayoyi huɗun nan da ake koya wa likitocin iyali masu neman ƙwarewa suka fito, har a Najeriya: me kake ji a ranka game da ciwon, me kake zaton ya kawo shi, me ciwon ya hana ka yi, me kake fatan a yi maka yau. Likitan da ya tambayi mai hawan jini "me kike zaton ya jawo?" ya ji ta ce sammu ne ko baƙin ciki, ya san dalilin da ya sa ta ajiye ƙwayoyin. Babu wani rumbun ambato da zai ƙirga wannan.

An kuma fassara littafin zuwa harshen Fotugal, ana aiki da shi wajen horar da likitocin iyali a Brazil. Scopus ba zai nuna miki wannan ba, Google Scholar kuma yana warwatsa ambaton littafi tsakanin bugu-bugu, sai kin haɗa su da hannu. Don haka ki duba manhajojin horarwa da takardun jagora na ƙungiyoyin likitoci, ki ga ko tsarin ya shiga.

Wani abu guda: kada ki auna ta da darajar mujalla, abin da ake kira impact factor. Wannan lissafi ne na ambaton da maƙalolin shekara biyu da suka gabata suka samu, kuma na mujallar ne gaba ɗaya, ba na marubuci ba. Sanarwar DORA ta San Francisco ta 2012 ta fito ne musamman don a daina auna mutum da shi. Maƙalar da ake ta ambata bayan shekara ashirin da ɗoriya, tagar shekara biyu ba ta ganin ta.

Dakta Rabi:
Haka ne, Malam, shigar tsari cikin manhaja tasiri ne na gaske. Amma yaɗuwar tsari daban, tabbatar da cewa yana warkarwa daban, kuma Nafisa ta raba su a rubutunta. Misalin da ya kamata ta sa kusa shi ne gwajin 3D da Chris Salisbury na Jami'ar Bristol ya jagoranta, wanda aka buga a mujallar Lancet a 2018. Ba aikin Stewart ba ne, amma ya gwada irin wannan kulawa da ƙuri'a: asibitocin likitocin iyali 33 a Ingila da Sikotilan, majinyata 1,546 masu cututtuka uku ko fiye da ba sa warkewa. Bayan wata 15, ma'aunin ingancin rayuwa bai bambanta tsakanin waɗanda aka yi wa sabon tsarin da waɗanda aka bari a kan kulawar da aka saba ba, amma waɗanda aka yi wa sabon tsarin sun fi cewa an saurare su, an tattauna abin da ya fi damunsu, kuma kulawar ta haɗu wuri ɗaya. Ni a wurina wannan na biyun ma sakamako ne da ya cancanci a nema don kansa, ko da ma'aunin lafiya bai motsa ba. Sai dai ba shi ne iƙirarin da ake yawan rataya wa maƙalar 2000 ba.

Nafisa:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Zan tsaya kan Scopus don lambobi, in sa kwanan wata, in yi rabon nan na gida uku. Malam Habu, tambaya ɗaya ta rage: ambaton da marubuciya ta yi wa kanta, a cire ko a bari?

Malam Habu Laburare:
Ki kawo duka biyun. A shafin nazarin ambato na Scopus akwai wurin da za ki danna a cire ambaton kai, na marubuciyar kaɗai ko na duk waɗanda suka yi rubutun tare. Ki zaɓi na biyun, tunda ƙungiyar Western ta daɗe tana rubutu tare, kuma dole sabon aikinsu ya koma kan tsohon. Ki rubuta lambar kafin cirewa da ta bayan cirewa a jere. Kafin ki danna komai, ki buɗe jerin maƙalolin da Scopus ya tara ƙarƙashin sunanta ki bi su ɗaya bayan ɗaya, domin yakan cusa na wani Stewart a ciki, ko ya raba mutum ɗaya gida biyu.