Tashoshin kyauta suna fitowa a kwamfuta, kullallu kuwa allo baƙi

Ɗan Birni:
Assalamu alaikum. Ina neman taimakon waɗanda suka san wannan fanni. Na sanya wa kwamfutata ta tebur katin kama tashoshin tauraron ɗan'adam na DVB-S2, irin wanda ake sokawa a ramin PCIe na cikin kwamfuta, kuma yana da kafar CI a bayansa, wato inda ake soka na'urar buɗe kullallun tashoshi. Na sayi wannan na'urar da ake kira CAM, na zaro katin kallo daga dikodar da muke amfani da ita a gida, na saka shi a ciki. Da na yi binciken tashoshi da manhajar DVBViewer, sunayensu duka sun fito, na kyauta suna aiki tangaran da hoto da sauti, amma duk tashar da nake biya wa kuɗin wata, allo baƙi kawai nake gani. Idan na mayar da katin cikin dikoda, nan take komai ya buɗe. Shin parabol ɗin ne yake buƙatar saiti, ko direban katin PCIe ne (manhajar da take sa kwamfuta ta gane shi), ko kuwa CAM ɗin ne ba shi da kyau?

Mai Gyara na Zango:
Wa'alaikumussalam, Malam. Kada ka taɓa parabol ɗinka tukuna, domin wanda yake kawo wa dikoda hoto lafiya lau ba shi da laifi. Matsalar tana tsakanin katin kallo da CAM da manhaja, kuma sai ka san yadda kullin yake aiki kafin ka gane inda abin ya tsaya. Ana hargitsa hoton ne da wani mabuɗi da yake canzawa kusan kowane daƙiƙa 10. Mabuɗin yana zuwa a ɓoye cikin saƙonnin da ake kira ECM, katin kallo ne kaɗai yake iya warware su, sannan ya miƙa wa CAM mabuɗin domin ya gyara hoton. Akwai kuma saƙonnin EMM, waɗanda suke shaida wa katin cewa mai shi ya biya kuɗi. Idan ɗaya daga cikin waɗannan bai isa inda ya kamata ba, allo zai yi baƙi ko da sigina ya cika maƙil.

Ka kashe kwamfutar gaba ɗaya kafin ka soka CAM, ka kuma tabbata gefen katin mai ƙarfen zinariya yana fuskantar inda aka nuna, domin a CAM da yawa akasin yadda mutum yake zato ne. Bayan ka kunna, ka nemi jerin zaɓin CAM a cikin manhajar. Idan bai buɗe ba, direba bai ga kafar CI ba, sai ka sake sanya direban da kamfanin katin PCIe ya fitar. Idan ya buɗe, ka duba ko yana karanta lambar katinka da ranar ƙarewar biyanka. Ka duba kuma tsarin kullin, domin Viaccess da Irdeto da Conax da Nagravision ba sa jin yaren juna, kuma CAM na wani tsari ba zai karanta katin wani tsarin ba.

Injiniya Sabon Gari:
Na yarda da bayanin Mai Gyara, sai dai ban cire wutar LNB, wato na'urar da take gaban parabol tana karɓar sigina, daga zargi ba. Dikoda tana bayar da volt 13 da volt 18 ba tare da wahala ba, amma wasu katunan PCIe sai an haɗa musu wayar wuta ta daban daga cikin kwamfutar, in ba haka ba volt 18 ba ya tsayawa, tashoshin da suke ɓangaren H (sigina na kwance, mai buƙatar volt 18) su riƙa ɓacewa alhali na V (na tsaye, mai buƙatar volt 13) suna aiki. Ka gwada wata tashar kyauta a H, da wata a sama da 11.7 GHz inda ake buƙatar sautin 22 kHz. Sannan CAM yana ɗaukar zafi ƙwarai, kuma a bazarar Damagaram, da ƙurar da take toshe fankar kwamfuta, na sha ganin wanda yake aiki da safe ya daskare da azahar.

Ɗan Birni:
Na gode muku, Allah ya ƙara basira. Wayar wutar a haɗe take, kuma tashoshin kyauta na H da na V duka suna fitowa. Jerin zaɓin CAM ya buɗe, tsarin kullin ya dace da na katin, ya nuna lambarsa da ranar ƙarewa daidai. Amma da na koma kullalliyar tasha, sai wani ɗan saƙo ya fito yana cewa ba a ba wannan na'ura izinin aiki da katin ba.

Mai Gyara na Zango:
To Malam, amsar ke nan ta fito. An ɗaure katinka da dikodarka, wato mabuɗin da katin yake fitarwa a sake kulle yake da wata lamba da take cikin guntun lantarki (chip) na dikodar kaɗai, don haka babu direba ko manhajar da za ta gyara wannan. Ka je wurin wakilin da kake biyan kuɗi da katin da lambar dikodar, ka tambaye shi ko kamfanin yana sayar da CAM nasa da za a iya ɗaure katin da shi. Idan ya ce akwai, kada ka ba da ko dala sai ka ji ko CI ne ko CI+, domin CI+, ƙa'idar da ta biyo bayan CI, yana neman takardar shaida daga na'urar da aka soka shi, talabijin na zamani suna da ita, yawancin katunan kwamfuta kuwa tsohuwar ƙa'idar CI ta 1997 suke bi. Masu cewa za su buɗe maka ta intanet da katin wani, ina ba ka shawara ka rabu da su, domin saɓa yarjejeniya ne, hoton kuma yana yawan tsinkewa. Idan CI+ kaɗai wakilin yake da shi, ka bar katin a dikoda, ka riƙa kallon tashoshin kyauta da naɗar su a kwamfutar, CAM ɗin kuma ka nemi mai shagon ya karɓa tun yana cikin kwalinsa.