Hotunan taurari sun mayar min da falo kamar kogo, ku ba ni shawara

Mai tambaya: Salam 'yan uwa, dan Allah a taimaka min. Ni tun ina ƙarama nake son kallon sama, kaza da 'ya'yanta ma ni ke nuna wa ƙannena, to da muka tare sabon gida na sa aka buga min hotuna uku aka sa musu firam baƙi, ɗaya na ƙurar taurarin Carina da na'urar hangen nesa ta James Webb ta ɗauka a 2022, ɗaya na duniyarmu tana leƙowa ta bayan wata wanda 'yan sama jannatin kumbon Apollo 8 suka ɗauka a 1968, sai duniyar Saturn da zobenta. Na jera su bayan doguwar kujera amma da rana ba abin da ake gani sai tagar da ke fuskantarsu, maigida kuma kullum sai ya ce falon ya yi duhu. Wlh abin ya dame ni.

Uwargida: Ƙanwata gilashin ne matsalarki ba hoton ba. Baƙin hoto in ka rufe shi da gilashi ya zama madubi kenan. Ki cire gilashin ko ki nemi wanda ba ya ƙyalli, ki canja firam zuwa fari, kuma tsakiyar hoto ya tsaya daidai ido, wajen santimita 145 daga ƙasa. Na tabbata kin kai su can kusa da silin.

Mai tambaya: Anti ban kai su sama ba fa, kuma baƙin firam ɗin da gangan na zaɓa don ya haɗe da sararin.

Wani ɗan uwa: Kar ki cire gilashi, ƙura da rana za su cinye kalar. Ki mayar da su bangon da taga take, shi kenan hasken ba zai doke su ba.

Amarya: Ku kun ma ji daɗi, mu mai gidan haya ya hana mu buga ko ƙusa ɗaya, na manna da gam ya ɓare fenti yanzu yana neman mu biya.

Uwargida: Malam wane bangon taga, labule zai rufe rabi. Na faɗa mata gilashi ne. Kuma wancan na Webb ɗin ai kalarsa ƙarawa aka yi, na'urar hasken da ido ba ya gani take ɗauka, sai masana su ba shi launi.

Mai tambaya: Na san da haka Anti, kuma shi na fi so. Bangon taga kuma akwai talabijin a wajen.

Wani ɗan uwa: To nawa ne girman hotunan? Ba ki faɗa ba.

Mai tambaya: Manya ne dai. Yanzu maigida ya ce a kai su ɗakin yara, ni kuma gaskiya ba don yara na yi su ba.