Yaron da ke kwana a tasha, ta ina za a fara?

Tambaya: Salamu alaikum. Ƙungiyarmu tana tallafa wa yaran da ke kwana a tashoshin Maradi. Da an samu yaro, me ake fara yi?

Malama: Abinci, wanka, sannan likita ya duba ƙazuwa da zazzaɓi. Kada ku kwanar da shi gidanku sai kun sanar da alƙalin yara ko ma'aikatar kare yara, kar a zarge ku da satar yaro.

Alhaji: Gaskiya ne, Malama. Kuma kada a gaggauta mai da shi gida. In duka ya kore shi, gudu zai sake yi. A fara zama da iyaye da mai gari, a bi sawu bayan an mai da shi. Kuɗi kuwa ban da hannunsa, tiramol zai saya. A biya mai koya masa ɗinki ko walda kai tsaye.

Malama: In ba shi da takardar haihuwa, a nema masa ta kotu kafin jarrabawar lakwal.