Fukafukan injinan iska in sun tsufa

A hirar da aka yi a Katsina kan injinan iska 37 na tashar samar da wutar lantarki ta Lambar Rimi, an fi tsayawa kan inda za a kai fukafukansu in sun tsufa. Da zaren gilashi aka yi su, babu ƙarfen kirki, don haka 'yan gwangwan ba za su saya ba.

Mafi yawa sun ce ya kamata doka ta hana binne su, kamar a Jamus, ta ɗora kuɗin kwashewa kan mai tashar. Wasu suka ce a yi gadojin ƙafa da su, yadda aka yi a ƙasar Ayilan. An ambaci yin rumfar kasuwa da su, amma ina shakka: yanka su na tada ƙura mai ƙaiƙayi, sai da takunkumi da feshin ruwa.